Bindigar da ta ci gasa, ƙirar wa ce?

A ƙauyukan da ke tsakanin Tasawa da Mayahi, idan bindigar gargajiya ta yi suna, da sunan maƙeri ake kiranta. Sai ka ji ana cewa ƙirar wane ce, kamar shi kaɗai ya haɗa ta tun daga ƙota har zuwa baki. Ni malamin makaranta ne, amma dangin mahaifiyata maƙera ne, don haka na san hannu nawa ke taɓa bindiga kafin ta kai kafaɗar maharbi.

Maƙeri ne ke zaɓen bututun, ya toshe gindinsa, ya ƙera kunama. Amma yaron da ke kan zuga-zugi tun hantsi shi ne ke riƙe masa wuta, wani kuma ya ɗaga masaba. Masassaƙi ne ke fitar da ƙota, kuma in ya karkace ta ko kaɗan, saiti ya tafi. Baduku ya ɗinka mata maratayi, mai albarushi ya auna nasa haɗin. Mutum biyar ko shida ke nan, amma ɗaya ake ambata.

Wata shekara, bayan hawan salla, maharban yankinmu suka kafa ƙwarya a kan kututture suka yi gasar harbi. Bindigar da ta ci daga maƙerar kawuna ta fito. Maroƙi ya yi ta wasa kawu, aka yi masa kyauta, masassaƙin da ya yi kwanaki yana gyaran ƙotar yana tsaye a gefe ba wanda ya dube shi. Da yamma na ce wa kawu: "Kawu, wannan ai kura da shan bugu ne, gardi da karɓar kuɗi." Ya yi dariya ya ce: "Mushe, ranar da bututu ya fashe a hannun mutum, ƙofar wa ake zuwa? Ta masassaƙi, ko tawa?"

Maganarsa tana da ƙamshin gaskiya. Na sha ganin yadda yake gwada sabuwar bindiga: ya ɗura mata albarushi fiye da ƙima, ya ɗaure ta a jikin itace, ya ja kunama da igiya daga nesa. Sai ta tsira sannan ya yarda a ce tasa ce. Sunan da ake kira ranar yabo shi ne ake kira ranar da yatsun wani suka guntule. Ko a Ingila haka abin yake: tun 1813 akwai gidan gwajin bindigogi a Birmingham, inda ake buga wa bututu hatimi bayan ya jure gwaji, don a san wanda ya tsaya masa.

Duk da haka ban gamsu gaba ɗaya ba. Ɗaukar alhaki ya ba maƙeri damar sunansa ya zo farko, amma bai ba shi damar ya zo shi kaɗai ba. Bindigar AK-47 ta 1947 duniya ta san ta da sunan Mikhail Kalashnikov, alhali tare da wasu masu zane ya yi aikin a garin Kovrov, cikinsu har da Aleksandr Zaitsev, wanda ba kowa ya taɓa jin sunansa ba. A nan gida ma, tun da aka fara kokowar Takobi a Tawa a 1975, yara na iya jero sunayen sarakunan kokowa. Ku tambaye su wa ya ƙera takobin, wa ya ɗinka kubensa, ku ji shiru.

Abin da ya sa na kawo zancen nan gare ku, malamai da iyaye, shi ne maƙerar tana nan cikin azuzuwanmu. Mukan ba ɗalibai biyar aiki ɗaya, sannan mu yaba wa mai bakin da ya tashi ya yi bayani. Yarinyar da ta yi zanen, da yaron da ya ɗebo yumɓu daga tabki, su koma gida ba a ambace su ba. A gida kuma a ce tuwon yaya ya yi daɗi, a manta da ƙanwar da ta yi surfe da daka. Yaron da aka saba haɗiye wa suna, ko dai ya janye hannunsa daga aikin taro, ko ya girma ya haɗiye na wasu. Masassaƙin nan, daga wannan shekarar bai sake karɓar aikin ƙota ba, ya koma turmi da taɓarya.

A ajina yanzu, kowane aikin rukuni yana zuwa da takarda: sunan shugaba a sama, domin shi zan tuhuma in an yi kuskure, a ƙasa kuma sunan kowa da abin da hannunsa ya yi. Ranar rabon sakamako nakan karanta su duka a gaban iyaye, ko da rana ta yi zafi. Ku ma idan yaro ya kawo muku kyauta gida, bayan kun sa masa albarka, ku tambaye shi su wa suka kama masa, sannan ku tura shi ya je ya yi musu godiya.

Allah ya ba mu ikon ba kowa haƙƙinsa.