Mazauni Kafin Madubi: Tsokaci a kan Ɗaukar Hoton Taurari

Duk wanda ya ji ina ɗaukar hoton taurari, tambayarsa ta farko ita ce girman madubin hangen nesan da nake aiki da shi. Da wuya a tambayi abin da madubin yake ɗore a kansa, wanda nake kira mazauni saboda rashin tsayayyar kalma a Hausa. Alhali kuwa a nan gizo yake saƙa.

Dalili shi ne duniya ba a tsaye take ba. Tana juyawa digiri 15 a kowace awa, ita kuwa kyamara sai ta yi minti biyu zuwa biyar tana tara haske kafin dusasshen abu ya fito. Matuƙar mazauni bai bi tafiyar sama daidai ba, kowane tauraro zai ja layi a hoto, komai tsadar madubin.

Mazauni iri biyu ne. Na farko yana motsi sama da ƙasa, dama da hagu, kamar wanda John Dobson ya yayata a Amurka. Yana da araha kuma ya dace da kallon ido, amma ko an sa masa inji, taurarin gefen hoto sukan kewaya. Na biyu ana saita sandarsa ɗaya ta fuskanci tauraron arewa, ta yi daidai da sandar da duniya take juyawa a kai, sai motsi guda ya wadatar. Shi na zaɓa, kuma shi ya ci kaso mafi tsoka na kuɗina.

Sai dai ƙasar Hausa tana da nata sharaɗin. A Kano tauraron arewa bai wuce kimanin digiri 12 daga doron ƙasa ba, daidai inda hazon hunturu ya fi kauri. Saboda haka na nemi mazaunin da yake iya sunkuyawa zuwa wannan kusurwa ba tare da ƙarfen daidaita nauyinsa ya bugi ƙafa ba, wanda kuma manhaja za ta iya saita shi da wasu taurari. Na tabbatar yana aiki da batir mai bolt 12, domin sararin sama mai duhu sai an bar gari.

Madubin kuwa ƙarami na ɗauka, mai gilashi uku, faɗin bakinsa milimita 80, ta yadda nauyinsa da na kyamara bai haura rabin abin da mazaunin yake ɗauka ba. Ƙanƙantarsa ba kasawa ba ce. Kaza da 'Ya'yanta sun mamaye fili kusan ninki huɗu na faɗin cikakken wata, babban madubi kuwa gutsure kawai zai kamo.

Waɗannan taurari su ne suka jawo ni wannan fage. Mun gaji sunansu daga kakanni da suka dube su da ido, amma shuɗiyar ƙurar da ta lulluɓe su, a nisan da haske yake ratsawa cikin shekara kimanin 440, sai hoto mai dogon jira yake bayyana ta. Mai ƙaramin ƙarfi da yake son ganin wannan ƙura ya fara da mazauni, madubi ya biyo baya.