Kaset Mai Jan Biro

Ranar Juma'a, 18 ga Yunin 1999, Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa a asibiti a Kano, aka kai shi Daura aka yi masa sutura. Kafin a yi sadakar arba'in, duk shagon kaset ɗin da ka gifta a birnin Katsina, daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Marusa, muryarsa ce ke tashi, kai ka ce bai tafi ko'ina ba.

Cikin waɗannan kwanaki na tsaya wurin wani dattijo mai shago. Na ce, "Baba, na Shata nake so." Ya dube ni, ya tsallake waɗanda ke jere da hotuna, ya sa hannu ƙarƙashin tebur ya zaro wani TDK mai minti 90. Ba hoto, ba tambari, sai sunan mawaƙin da jan biro. Ya ce, "Ɗana, wannan ba na kamfani ba ne. A filin wasa aka ɗauke shi. Je ka saurara da dare."

Da dare kuwa na sa wa rikoda sabon batir, muka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida. Abin da ya fara fitowa ba waƙa ba ce, hayaniya ce. Ga sanƙira yana ta kirarin masu liƙi, ga makaɗa suna gwada kalangu, suna matsa tsarkiya suna saki har murya ta daidaita. Can wata mata ta rangaɗa guɗa, wani kusa da rikodar ya yi tari, babur ya wuce. Sannan Shata ya ɗauka, 'yan amshi suka karɓe, fili ya yi tsit. Wallahi har tsikar jikina ta tashi. Na ji kamar ƙurar wurin na shiga hancina.

A nan darajar irin wannan kaset take. Shata ba mai zama ya tsara waƙa a takarda ba ne. Nan take yake ƙera ta, yana duban fuskokin da ke gabansa. Shi ya sa Bakandamiyar da ya yi a wani dare ba za ta zo daidai da ta wani daren ba. Wanda ya shigo fili a makare sai ya ji sunansa ya faɗo cikin baiti, wanda ya yi rowa ya sha zambo. Duk wannan da ya bi iska, ba don wani bawan Allah ya rungumi rikodarsa ya zauna gaban makaɗa ba.

A Amurka, da mawaƙi Elvis Presley ya mutu a watan Agustan 1977, kamfani ne ya fitar da faifan wasanninsa na ƙarshe bayan kusan wata biyu. Mu namu, irin wannan ɗaukar ta filin wasa ba kamfani ne ya tsaya mata ba. Direbobin tasha ne, da teloli, da masu shayi, wannan ya ara ya kwafa, wancan ya kwafa daga kwafin, har sauti ya dusashe amma ba a yar ba. Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988, kuma ya cancanta; sai dai ni a ganina waɗannan talakawan ne suka fi riƙe masa amana.

Rikoda ta sha cin zaren kaset ɗin nan. Sai in zaro shi a hankali, in sa biro in naɗe. Yau yara na zuwa wurin masu turi a cika masu waya da Shata cikin minti kaɗan, ina kuma yi masu murna. Nawa yana nan cikin akwati. Gefensa na biyu a tsakiyar baiti yake ƙarewa: Shata ya ja numfashi zai kira sunan wani, sai rikoda ta yi ƙas.