Kamun Kawu

Ashe kamu ma yana tsufa. Ban taɓa kawo haka a raina ba zamanin da muke tasowa a gindin Dala, lokacin da in an yi sallar lisha an ci tuwo, farin wata ya tsaya, sai ka ga yaran unguwa suna sulalewa daga soro ɗaya bayan ɗaya zuwa dandalin kokawa, kowa ya tuɓe 'yar shara ya ɗaura bante, mai gata kuma ya zo da warkin gado yana warin man shanu da tsohuwar jima. Ni bante gare ni.

Har gobe ina jin ƙamshin wurin: ƙurar hunturu da ƙafafu suka tayar, hayaƙin kara daga gidajen da ba a gama girki ba, da aci-bal-bal ɗin mai gyaɗa tana ƙauri a bakin zaure. Ganga sai ran sa'a. Tsohuwar garwa muke kaɗawa, kuma ta ishe mu kirari.

Kawu yakan zo cin rani in an gama kaka, ya wuni yana dako a Kurmi, da dare ya jingina da bango yana kallonmu, layarsa ɗaure a damtse, fatarta ta yi baƙi don gumi. Yana da wani kamu nasa. Zai sakar maka ƙugunsa har ka ji daɗi, ka ɗauka ka sami nama, sai ya ɗan duƙa, ya harɗe ƙafarka ta ciki da dugadugi, ya juya kafaɗa kaɗan. Sai ka ga taurari. Da rani ya koya mini shi a kan rairayin bayan badala, yana cewa, “Kai yaro, ba ƙarfi ba ne, jira ne.” Taɗiya kowa ya iya, sunkuta sai ƙato, amma wannan sai mai haƙuri. Shaƙe wuya da murɗe hannu kuwa abin kunya ne, wanda ya gwada manya su fitar da shi da kunne.

A 1975 aka fara kokawar takobi ta Nijar a Tahoua, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Daga nan duk shekara muna maƙale da rediyon maƙwabcinmu mai rigar fata, wadda ake shanya wa batir a rana, muna laluben Muryar Sahel cikin shuu da ƙara. Yaron nan siriri mai kaushi a ƙafa da nake a lokacin ya yi imani har zuciyarsa cewa wata rana zai kai bayan Kantu ƙasa da kamun Kawu. Ina ya samo wannan ƙarfin hali? Ina tuna shi, ina mamakinsa, ina kuma son sa.

Yanzu jikana ne ke miƙo mini waya in kalli 'yan UFC a cikin keji. Shi ya ba ni labarin yadda a 1993 wani ɗan Birazil, Royce Gracie, mutum ba wani jiki ba, ya riƙa sa ƙarti suna buga ƙasa alamar sun sallama. A shekarun farko mutum yana kwance a ƙasa ma zai cafke hannun na samansa ya lanƙwasa gwiwar hannun, wasa ya ƙare. Yau an rage ganin haka, domin kowa ya karanci kamun, ya san inda zai sa hannu da inda ba zai sa ba. Wanda ya fi wanzuwa shi ne shaƙa ta baya, irin wadda Dricus du Plessis ya yi wa Israel Adesanya a 2024. Abin da ake ja mana kunne a kansa, shi ne abin tafi a can.

Nasu kamun an gano maganinsa ne, shi ya sa ya ja baya, kuma yana nan a faifai, duk yaron da ya so zai tono shi. Na Kawu ba wanda ya taɓa samo maganinsa. Dandalin ne ya zama shaguna, aka cike kududdufi, badala ta zaizaye, 'yan cin rani suka hau babur. Dambe yana nan da ransa a Ado Bayero Square, Nijar tana da su Issaka Issaka na Dosso, amma a lungunanmu ban ƙara ganin yara biyu sun riƙe ƙugun juna manya suna kallo ba.

Jikina bai manta ba. Kafaɗa ta san lokacin juyawa, dugadugi ya san wurinsa, gwiwa ce kawai ta fara gardama. Jikan nan yana da ƙugu mai kyau, haƙuri ne da saura. In rani ya shigo zan nemo buhun rairayi a zube a tsakar gida, ya aje wayar ya zo.