Wa Ya Ɗauke, Wa Ya Kawo? Wuta da Mai da Ruwa a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Malaman nahawu sun koya mana cewa Bahaushe yakan yi amfani da 'yar kalmar nan "an" idan bai san wanda ya aikata abu ba, ko kuwa ya sani amma ba ya son ambatonsa. Tun da na fara nazarin Hausa ban ga inda wannan kalma ta sami gindin zama ba kamar a maganar wuta da mai da ruwa. An ɗauke wuta, an kawo ruwa, an ƙara kuɗin mai. Haka na tashi ina ji a ƙasarmu ta Gwaram, haka kuma na riƙa ji a Birnin Kudu inda na yi sakandare, ban kuwa taɓa jin wani ya tsaya ya tambayi ko wane ne wannan mai ɗaukewa da kawowa ba. Nufina a wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawunsa gwargwadon fahimtata.

Mu fara da wutar lantarki. A shekarar 1972 aka kafa hukumar NEPA, ita ke samar da wutar, ita ke rabawa, ita ke karɓar kuɗi. A 2005 aka yi dokar da ta rushe ta, aka kuma kafa hukumar NERC a Abuja don ta riƙa yanke farashi da sa ido a kan masu sayarwa. A watan Nuwamba na 2013 aka miƙa rabon wuta ga kamfanonin 'yan kasuwa, jihohin Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun kamfanin KEDCO. Amma har gobe idan ƙwai ya kama, "Nepa!" yara suke ihu, yaran da aka haifa shekaru da yawa bayan an yi mata jana'iza.

A 2020 hukumar ta kasa masu shan wuta aji biyar. 'Yan ajin A an yi musu alkawarin aƙalla awa 20 a rana, B awa 16, C awa 12, D awa 8, 'yan ajin E kuwa awa 4. A watan Afrilu na 2024 aka ɗaga kuɗin ajin A zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, aka bar sauran yadda suke. A takarda wannan ya yi kama da adalci, wato mai shan da yawa ya biya da yawa. To amma wutar ba ta isar kowa, mai rabon kuma ɗan kasuwa ne, ba sai an yi wa mutum duba ba kafin ya san inda za ta fi karkata. Garin da ke can ƙarshen waya ba shi zai shiga sahun gaba ba. Ƙauyen da ko turke ba a kafa masa ba kuwa, ba ya cikin A, ba ya cikin E, dokar ma ba ta san da zamansa ba.

Man fetur shi ma da nasa tarihin. A 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa wani asusu na daidaita farashi, wanda ke biyan dillalai kuɗin dakon mai daga bakin teku zuwa cikin ƙasa, don mutumin Basirka ya sayi lita daidai da yadda mutumin Ikko ke saye. Ba kullum hakan ta tabbata ba, 'yan bumburutu shaida ne, amma dai akwai amincewar hukuma cewa nisa da teku ba laifin talaka ba ne. Dokar man fetur ta 2021 ta narkar da wannan asusu cikin sabuwar hukuma mai suna NMDPRA. Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar da gwamnati ta tsayar ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce 1,000. Yanzu kowace tankar da ta nufo mu, mu ke biyan kuɗin tafiyarta.

Ruwa kuwa na gwamnatin jiha ne, kuma hukumomi uku ke riƙe da shi daga Dutse: Hukumar Ruwa ta Jiha tana kula da manyan garuruwa, STOWA da ƙananan garuruwa, RUWASA da karkara. A nan ne maganar ta fi damuna, domin ruwa ba ya hawa tanki da ƙafarsa. Ƙasarmu ta kudancin Jigawa a kan dutse take zaune, duk wanda ya ga Dutsen Habude da Dutsen Mesa ya san haka, ba kamar gabashin jihar ba inda yashi ke riƙe ruwa. Haƙa rijiya a wurinmu aiki ne, samun wadda ba ta ƙafewa da bazara kuma sa'a ce. Saboda haka sai an sa inji ya jawo ruwan, injin kuwa ko wuta yake ci ko mai. Idan aka ɗauke wuta aka tayar da janareta, to kuɗin fetur ya shiga cikin randa ke nan.

Na ga wannan da idona a gidanmu. Watanni kaɗan bayan janye tallafi, kuɗin jarka ya ninka a unguwarmu. Mahaifiyata ta tsare yaron da ke turo mana kura ta ce, "Ɗan nan, ruwan Allah ne fa, ko shi ma daga Ikko ake kawo shi?" Ya ce, "Wallahi Inna ba ni na ƙara ba, a wurin mai burtsatse aka ƙara mana." Mai burtsatse ya ce a tambayi gidan mai, mai gidan mai ya ce haka aka sauke masa. Kowa a cikinsu gaskiya ya faɗa, kuma babu ko ɗaya da za a iya kai ƙararsa. A kasuwar Sara, idan mai awo ya rage mudu, akwai Sarkin Kasuwa kusa, kafin la'asar an raba gardama. Amma ruwan da yawancinmu ke sha, wato na jarka, babu mai yanke masa farashi, babu mai duba tsabtarsa. Haka manoman rani da ke bakin kogi a Gwaram: wanda ya saba shayar da kadada guda ya koma rabi, don injin ban-ruwa ba ya jin lallashi.

Watan Oktoba na 2024 ya nuna mana matsayinmu ƙarara. An lalata babban layin wuta na Shiroro zuwa Kaduna, sannan layin Ugwuaji zuwa Apir da aka jingina da shi ya sami matsala, sai yawancin jihohin Arewa suka kwana cikin duhu fiye da mako guda. A cikin watan nan dai, ran 15, tankar mai ta faɗi a Majiya ta ƙaramar hukumar Taura, mutane suka fito da bokiti da jarka suna kwasa, wuta ta tashi, fiye da mutum 150 suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya jiƙansu. An yi ta faɗin ganganci, kuma akwai shi, amma ni ban manta nawa ake sayar da lita a wannan mako ba. A lokacin ne na fara ganin ƙasarmu tamkar tsibiri, ko da yake ba teku ya kewaye mu ba: wutarmu daga nesa, manmu daga nesa, masu yanke hukunci a kansu su ma daga nesa.

Wannan tunani ya sa na waiwayi masu tsibiri na gaskiya. Zanzibar, a gaɓar Tanzaniya, ta wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take samun wuta daga babban yankin ƙasar, kuma daga Disamba 2009 zuwa Maris 2010 babban tsibirinta ya yi wata uku ba wuta, famfuna suka tsaya tare da ita. A 2013 suka yi dokar kafa hukuma guda, ZURA, wadda ke kula da wuta da mai da ruwa baki ɗaya. Gana ma tun 1997 ta haɗa wuta da ruwa a hannun hukuma ɗaya. Ban ce wannan ya kawar musu da kowace wahala ba, hukuma hukuma ce ko'ina take. Abin da ya burge ni shi ne, mai yanke kuɗin fetur a can dole ya dubi abin da hukuncinsa zai yi wa famfo, domin gobe shi za a zo wa da kukan ruwa. Mu kuwa mai wuta yana Abuja da Kano, mai mai yana Abuja, mai ruwa yana Dutse, kowa da kiwon da ya karɓe shi, alhali a gidan talaka aljihu ɗaya ne ke biyan su duka.

Akwai ƙofa da ta buɗe. Gyaran tsarin mulki da sabuwar dokar lantarki, duka a 2023, sun ba jihohi ikon kafa tasu hukumar wuta, kuma a 2024 Inugu da Ekiti da Ondo suka fara karɓar nasu. Fetur dai na Tarayya ne, jiha ba ta da ta cewa a farashinsa, amma wuta da ruwa ana iya zaunar da su a ɗaki ɗaya. Rijiyoyin burtsatse masu aiki da hasken rana, waɗanda suka yawaita a garuruwanmu, sun rage dogaro da janareta ƙwarai, sai dai su ma suna da tasu tambayar: idan famfon ya ƙone wa zai gyara, kuma me ya sa jarkar mai sola take kuɗi ɗaya da ta mai fetur? Abin da nake fata bai taka kara ya karya ba. A san adadin masu sayar da ruwa a kowane gari, a gwada ruwansu ko da sau biyu ne a shekara, a manna farashin jarka a jikin tanki yadda gidan mai ke manna na lita, a kuma ajiye ma'aikaci guda a sakatariyar Birnin Kudu da ta Gwaram, mai suna da kujera, wanda tsohuwa daga Kondiko ko Kwangwara za ta iya samu ta yi masa bayani da Hausa.