Daga Wikki Zuwa Fadamar Auyo

Duk wanda ya taɓa shiga ruwan Wikki, a gandun dajin Yankari da ke Jihar Bauchi, da wuya ya manta da shi. Ruwa ne garai-garai mai ɓulɓulowa daga ƙarƙashin dutse, ɗuminsa kimanin digiri 31, rani da damina. Ni kaɗai na je, amma ba a barin baƙo ya kutsa cikin dajin sai da ɗan jagora. A lokacin na ɗauki dokar a matsayin takura. Sai a Auyo na fahimci hikimarta.

A hunturun bara na sauka garin da niyyar bin gaɓar Kogin Haɗeja da ƙafa, in kalli tsuntsayen da ke zuwa daga Turai a wannan lokaci. A nan babu ƙofar shiga, babu ma'aikacin da zai tare ka. Na fita bayan sallar asuba, ban gaya wa mai masaukina inda na nufa ba.

Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, kwararar kogin ta sauya, ciyawar kacalla ta mamaye hanyoyin ruwa da dama. Ta fi mutum tsawo, kuma kowane lungu cikinta kama yake da ɗan'uwansa. Kafin hantsi hazo ya rufe rana, na rasa gabas da yamma. Na taka wata ƙasa da ta tsattsage, na zaci busasshiya ce, sai ƙafata ta lume a taɓo har gwiwa. Wayata babu sabis, ruwan gorata ya kusa ƙarewa.

Wani dattijo masunci ne ya jiwo kirana. Ya miƙo mini sandar da yake tuƙa kwalekwalensa, na kama, ya janyo ni. Sannan ya ce, "Malam, wa ya san ka zo nan?"

Na ce, "Babu kowa, Baba."

Ya girgiza kai. "Mu da aka haifa a nan ma, ba ma fita sai mun faɗi inda za mu."

Don haka nake shawartar matasanmu, musamman ɗalibai masu sha'awar yawon buɗe ido: kafin ka fita, sanar da wani inda ka nufa da lokacin dawowarka. Tambayi masunta da makiyaya hanya, domin matambayi ba ya ɓata. Riƙe sanda ka gwada ƙasa kafin ka taka. Ɗauki isasshen ruwan sha, kada ka yi wanka a kwantaccen ruwa saboda tsargiya. Guji watannin Agusta da Satumba, lokacin ambaliya, kuma ka juyo kafin la'asar.

Zan koma fadamar Auyo, in Allah ya yarda, domin ban gama kallonta ba. Amma wannan karon mai masaukina zai san inda na nufa.