Tsohuwar kwamfuta ma tana iya shiga gayya



Tun da muka fara maganar tara tsofaffin kwamfutoci domin aikin lissafi na sa-kai, tambaya ɗaya ce ke fara fitowa daga bakin kowa: nawa ake biya? To bari mu fara da ita. Ba a biyan ko dala. Mun kuma san dalilin tambayar. Shekarar 2024 ba ta yi nisa ba, lokacin da matasa daga Kano har Ƙonni suka riƙa kwana suna danna waya a kan Hamster Kombat, da aka zo rabo a watan Satumba da yawa ko kuɗin datarsu ba su mayar ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Namu ba mainin ba ne. Gayya ce.

Ga yadda abin yake. Masu bincike a jami'o'i suna da lissafin da kwamfuta ɗaya za ta yi shekaru ɗaruruwa ba ta gama ba. Sai su yanyanka shi ƙanana-ƙanana, kamar yadda ake raba kunya-kunya ranar gayya, su tura wa duk wanda ya yarda. Kwamfutarka ta ɗauki nata yanki ta intanet, ta yi aikinta shiru, in ta gama ta mayar. Manhajar da ke wannan rabo sunanta BOINC, daga jami'ar Berkeley ta Amurka ta fito a 2002, kuma kyauta ce. A yawancin ayyukan, yanki ɗaya ana ba kwamfuta biyu a gwada amsoshinsu, don haka ba a tsoron wata tsohuwa ta yi shirme ta ɓata wa mutane bincike. A watan Afrilun 2020, lokacin korona, wani shiri irin wannan mai suna Folding@home ya tara ƙarfin da ya zarce na kowace babbar kwamfuta da ke duniya a wancan lokaci, duk daga gidajen mutane.

Me ya shafe mu, mu da ke Adar? Abu biyu ne suka ja hankalinmu, kuma dukansu a ƙofar gidanmu suke.

Na farko masassarar cizon sauro. A 2006 cibiyar binciken cututtukan ƙasashe masu zafi ta birnin Basel a Suwizalan ta buɗe shirin malariacontrol.net, inda kwamfutocin ƴan sa-kai suka yi kusan shekara 10 suna gwada lissafin yadda cutar ke yaɗuwa, da abin da zai faru in an raba gidan sauro, ko magani, ko riga-kafi. Ciwon namu ne, kowace damina muna ganin layin uwaye da yara a likita, amma yawancin waɗanda suka ba da kwamfutocinsu mutanen Turai da Amurka ne. Wannan ya ɗan tsaya mana a rai, ba za mu ɓoye ba.

Na biyu ruwan sama. A watan Oktoban 2019 jami'ar Delft ta ƙasar Holan ta kawo wani aiki a dandalin World Community Grid domin kwaikwayon yadda ruwa ke sauka a Afirka kudu da Sahara, wuri-wuri, ba a dunƙule ba. Duk manomi a nan ya san dalili ba sai an gaya masa ba: hadari ya zuba a Buza har ƙorama ta kawo, mu a nan ko yayyafi babu. Hasashen da ya ce "za a yi ruwa a jihar Tawa" bai gaya wa mai iri a hannu komai ba. Sai dai aikin nan mai nauyi ne, yana cin data, yana son kwamfuta mai ƙarfi, kuma ba kullum ake samun yankunansa ba. Tsofaffinmu sun fi dacewa da ayyuka marasa nauyi, irin na binciken magunguna da cutar daji.

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Mutane suna zaton matsalarmu rashin kwamfuta ce. A'a. Kwamfuta za ta samu, musamman yanzu da kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun 14 ga Oktoban 2025, ofisoshi da ƙungiyoyi da yawa za su jingine na'urorin da lafiyarsu ƙalau. In aka sa musu Linux sai su miƙe kamar ba su ba. Matsalarmu wuta ce, sai zafi, sai ƙura.

Ku yi lissafi da mu. Tsohuwar kwamfutar tebur mai cin wat 100, in ta kwana ta wuni tana aiki, ta sha kilowat 2.4 a rana, wato 72 a wata. Wa zai biya? Kuma ba mu manta da watan Agustan 2023 ba, da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar, manyan garuruwa ma suka koma duhu. Tashar hasken rana ta Malbaza, mai megawat 7 da aka buɗe a 2018, ba don mu kunna tsofaffin injuna aka gina ta ba. Saboda haka duk wanda zai kawo mana irin dogayen nan masu allo kamar akwatin talabijin, mun gode, Allah ya saka, amma kyauta ce mai cin hatsin gida. Ƙaramar kwamfutar hannu ba ta cin ko rabin wannan, ga batirinta da ke riƙe ta in wuta ta ɗauke. Ko allonta ya fashe, ko madannanta sun zube, kawo ta. Tsohuwar wayar Android kuwa wat kaɗan take sha, kuma BOINC ba ya aiki a kanta sai tana kan caji.

Dabarar da muka tsaya a kai ita ce wutar da ke zubewa a banza. Duk mai faifan sola ya sani, in hantsi ya yi batir ya cika, abin da rana ke bayarwa daga nan har la'asar ba inda yake zuwa. Masu shagon cajin waya, masu sola a gida, masu famfon lambun albasa, duk akwai wannan rarar. Ita muke roƙo, ba wutar dare da iyali ke gani da ita ba. Illa dai lokacin rarar shi ne lokacin zafi. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce 40, kwamfutar da aka sake wa linzami a ɗakin kwano ba za ta ga damina ba. Don haka a bazara muna rage mata aiki zuwa rabi, manhajar tana da wurin saita wannan, mu ajiye ta a ɗakin ƙasa, a ɗaga ta a kan bulo biyu iska ta ratsa. Da sanyi ta yi aiki son ranta, amma duk mako sai an hure mata ƙurar hunturu. Wayar da batirinta ya kumbura kuwa ba ma karɓa ko kyauta, gobara ce.

Wani dattijo ya yi mana tambayar da ta fi ta kuɗin nauyi. Ya ce yaran garin nan da yawa sun gama kwaleji ba su taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, ku kuma kun samu ƴan ƙwarori za ku ba Turawa su yi lissafi? Gaskiya ya faɗa, kuma a kanta muka kafa doka: yaro ne farko. Manhajar da kanta ana saita ta ta tsaya da zarar mutum ya taɓa na'urar, sai ya tashi ta ci gaba. Yaro ya koyi rubutu, ya koyi kwance ta da ɗaure ta, ya koyi sa Linux. In ya tashi cin abinci ko salla, ita kuma ta koma gonar gayya. In ma binciken bai taɓa dawo mana da komai kai tsaye ba, wannan ribar tana nan cikin gari.

Iyayenmu mata da suka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasa na Keita, wanda aka fara a 1984 da tallafin Italiya da FAO, ana ba su abinci a madadin aikin. Mai gayya ma yana dama fura. Mu furarmu ita ce koyarwar nan, da kuma sunan gari. Kowane yanki da aka gama ana rubuta maki, makin ba ya sayen ko goro, amma ana jera ƙungiyoyin duniya a allo ɗaya kowa na gani. Ba mu raina wannan ba. Adarawa ne mu, mun san abin da gasa tsakanin gari da gari ke sa mutum ya yi.

Nan ne ƴan ci-rani suka shigo, kuma a ganinmu nan ƙungiyar za ta girma, ba a ɗakinmu na Tama ba. Ƙungiya suna ce kawai a intanet. Ɗanmu da ke Abijan ko Legas ko Yamai, inda wuta ta fi zama, zai iya sa manhajar a kwamfutarsa ya zaɓi sunan ƙungiyar, makinsa ya hau kan namu. Haka ɗalibanmu na jami'ar Tawa da ta Abdou Moumouni. Mutum ɗaya mai sabuwar kwamfuta a can zai iya yin aikin tsofaffinmu goma. Sharaɗi ɗaya ne: na'urarka, ko wadda mai ita ya ba ka izini da bakinsa. Kada wani ya je ya sa a ta ofis ko ta lakwal a ɓoye don a ga makinmu ya tashi. A jihar Jojiya ta Amurka an gurfanar da wani ma'aikacin kwaleji a kan irin haka a 2001.

Ga masu niyyar bayarwa: duk abin da ke cikin na'urar, hotuna ne ko takardu, a gabanku za mu goge shi kafin ta shiga ɗaki, ko ku cire faifan ajiyar ku riƙe abinku. Muna rubuta sunan mai bayarwa da ranar a littafi, in wata rana ya buƙaci kayansa ya zo ya ɗauka. Muna kuma neman mutum biyu ko uku masu gyaran waya da za su ba mu yammacin Juma'a, da mai sola ɗaya da zai yarda a ajiye kwamfuta biyu a wurinsa daga hantsi zuwa la'asar.

Kuma don Allah, in za a aiko da kwamfutar hannu a motar Madawa, a haɗo da cajarta. Uku muke da su yanzu a ajiye, lafiyarsu lau, caja ce kawai babu.