Hotuna Biyu a Garejin Baba

Hotuna biyu na gada daga garejin mahaifina: Alpine A110 ta Faransa da Corvette Sting Ray ta Amurka, ƙirar 1963. Tun ina yaro Corvette ce zaɓina, saboda silinda takwas da rurin injinta. Baba kuwa Alpine yake yabo: silinda huɗu, inji a baya, jiki marar nauyi, amma ita ta lashe gasar Monte Carlo a 1971 da 1973. Yakan ce, “Miƙaƙƙiyar hanya kowa gwani ne, a kwana ake sanin direba.” Na yi ta musu da shi har ya rasu, nauyin ƙannena biyar ya hau kaina. Har yau Corvette na burge ni, amma hoton Alpine na rataye a ɗakina.